Waliyi Yohanna Mai Baftisma De La Salle, Majiɓincin Malaman Makaranta

Ranar 7 ga watan Afrilu ta kowace shekara Ekklesiya Katolika takan tuna da Waliyi Yohanna Mai Baftisma De La Salle, firist ɗan ƙasar Faransa, wanda Paparoma Pius na 12 ya naɗa majiɓincin dukan malaman makaranta a shekara ta 1950. Sau da yawa ranar takan faɗo cikin kwanakin Azumi ko makon Ista, sai ta wuce ba a ko ambace shi ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, har da malamai da katekis waɗanda su ne 'ya'yan gidansa, ba su san labarinsa ba. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama a kan benci cikin aji tare da tsararrakinsa, littafi iri ɗaya a hannun kowa, malami ɗaya yana koya musu gaba ɗaya da harshen da suke ji, to ya ci moriyar wahalar da wannan bawan Allah ya sha.

An haife shi ranar 30 ga Afrilu, 1651, a birnin Reims, inda ake naɗa sarakunan Faransa. Mahaifinsa Louis alƙali ne, mahaifiyarsa Nicolle kuwa 'yar babban gida ce, shi ne kuma ɗan farinsu. Tun yana ƙarami ya nuna sha'awar aikin firist, yana da shekara 15 aka ba shi kujera a majalisar limaman babbar majami'ar Reims, muƙami mai girma, mai albashin da zai riƙe mutum har ƙarshen ransa. A 1670 ya tafi seminarin Saint-Sulpice a Faris, amma bai daɗe ba, gama mahaifiyarsa ta rasu a 1671, mahaifinsa ya bi ta a 1672. Dole ya komo gida ya riƙe ƙannensa shida da dukiyar gidan, yana ci gaba da karatu a hankali. An keɓe shi firist ranar 9 ga Afrilu, 1678, bayan shekara biyu kuma ya sami digirin dakta a ilimin tauhidi. Har zuwa nan babu wata alamar makaranta a rayuwarsa. Duk wanda ya dube shi sai ya ce bishop ne gobe.

Abin ya faro ne daga wata haɗuwa a bakin ƙofa. Uban ruhunsa, Fada Nicolas Roland, ya kafa ƙungiyar sistoci masu koyar da 'yan mata matalauta, da zai rasu a 1678 ya bar amanarsu a hannun De La Salle. A watan Maris na 1679, a ƙofar gidan sistocin nan, ya gamu da wani baƙo daga Rouen mai suna Adrien Nyel, wanda wata attajira ta aiko ya buɗe wa yara maza 'ya'yan talakawa makaranta kyauta. De La Salle ya sauke shi a gidansa, ya haɗa shi da limamin majami'ar Saint Maurice, aka buɗe makaranta ta fari. A ganinsa taimako ne na kwana biyu. Shi Nyel kuwa mutum ne mai zafin nama, gwanin buɗe makaranta, amma ba ya zama ya riƙe ta. Kafin ka ce me, ya tafi wani gari, ya bar malamai ba mai lura da su.

Sai mai karatu ya san irin makarantun wancan zamani kafin ya gane girman abin da ya biyo baya. Malami yakan zauna a kujerarsa, ya kira yaro ɗaya, ya biya masa karatunsa, ya sallame shi, ya kira na biye. Sauran yaran kuwa suna can suna surutu, ko faɗa, ko gyangyaɗi, har layi ya zo kansu, wataƙila na 'yan mintoci kaɗan a wuni guda. Karatun ma da Latin ake fara shi, harshen da ba wanda yake ji a gidansu. Dattawanmu waɗanda suka yi Misa da Latin kafin Majalisar Vatikan ta Biyu sun san yadda mutum yakan iya furta kalmomi sarai bai san me suke nufi ba. Rubutu kuma sana'a ce ta wata ƙungiya dabam mai izinin hukuma, sai an biya su. Ɗan talaka yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana haddar abin da bai fahimta ba, sa'an nan uban ya gaji ya cire shi ya kai shi wurin aiki, ko yaron da kansa ya gudu ya bi 'yan titi. Malaman makarantun sadaka kuwa galibi mutane ne da suka rasa wata sana'a, ba horo, ba albashin kirki, ba mai ganin girmansu.

Irin waɗannan ne Nyel ya bar wa De La Salle. Da fari ya kama musu haya kusa da shi. Da ya ga hakan bai isa ba, sai ya fara kiransu cin abinci a teburinsa a 1680, ranar 24 ga Yuni, 1681 kuma ya kwaso su gaba ɗaya ya zaunar a gidan mahaifinsa. Dangi suka ga abin kunya ne, suka kwashe waɗansu daga cikin ƙannensa, maganar gidan ta kai kotu. Bayan shekara guda cif ya fita da malamansa zuwa wani gidan haya a unguwar talakawa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa a farkon al'amarin yana ganin mutanen nan ba su kai ko baran gidansa ba, kuma da ya san inda hanyar za ta kai shi da bai taka ta ba, amma Allah ya bi da shi sannu sannu, daga wannan alkawari zuwa wancan. Ba kowane babban mutum ne zai faɗi irin wannan gaskiya a kan kansa ba.

Wata rana yana yi musu gargaɗi su dogara ga tanadin Allah, sai malaman suka mayar masa da magana mai zafi. Suka nuna masa cewa shi yana da kujera da gādo, in makarantu suka rushe ba abin da zai same shi, su kuwa in tsufa ya zo sai bara. Maganar ta shige shi. Ya nemi shawarar Fada Nicolas Barré, sa'an nan a 1683 ya ajiye kujerarsa, bai kuma miƙa ta ga ƙanensa ba kamar yadda dangi suka so, sai ga wani firist matalauci. Da yunwa mai tsanani ta faɗa wa ƙasar a wajajen 1684, ya sayi abinci da dukiyarsa ya rarraba, har ya rage masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutane suka yi mamaki da bai zuba kuɗin a makarantun ba. Shi dai ya zaɓi ya zama daidai da mutanensa. Daga nan suka ɗauki suna 'Yan'uwa na Makarantun Kirista, su ne muke kira Brada, suka sa baƙar riga mai farin ƙyalle biyu a wuya.

To, yanzu sai mu shiga cikin ajin, gama a nan ne ainihin aikinsa yake. Abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin jagorar makarantun, wanda akwai kwafinsa na rubutun hannu tun wajajen 1706, aka kuma buga shi a Avignon a 1720. Ba zama ya yi shi kaɗai ya tsara shi ba. Shekara da shekaru yakan tara 'Yan'uwa waɗanda suka fi daɗewa a aji, kowa ya kawo abin da ya gwada, wanda ya yi amfani a rubuta, wanda bai yi ba a watsar.

Abu na fari, ya sa a fara karatu da Faransanci. Wannan ya jawo masa gardama har da abokinsa Bishop na Chartres, wanda ya so a koma wa Latin. De La Salle ya rubuta masa dalilansa filla filla. Yaran talakawa ba sa daɗewa a makaranta, in an ɓata ɗan lokacin a kan Latin za su fita ba Latin ba Faransanci. Yaro yakan koyi karatu da sauri in yana gane abin da yake karantawa, yakan kuma ji daɗinsa. Wanda ya iya karanta harshensa zai karanta katekisma a gida, ya karanta wa iyayensa, ya yi amfani da shi a sana'a. Latin ɗin ma ba a yar da shi ba, an jinkirta shi ne har yaro ya ƙware, sa'an nan a koya masa karanta Zabura domin ya bi sujada. Bishop ya haƙura.

Na biyu, ya raba yara bisa ga inda kowa ya kai. Karatu hawa tara ne, daga allon baƙaƙe da aka rataye a bango, zuwa allon gaɓoɓi, zuwa littattafai ɗaya bayan ɗaya, har zuwa karanta takardun da aka rubuta da hannu. Yawancin hawan kuma an sake raba su uku: masu farawa, na tsakiya, da waɗanda suka yi nisa. Kowane wata akan gwada yara, wanda ya isa a ɗaga shi gaba. Ashe ke nan yaro mai kaifin kai ba zai zauna yana hamma yana jiran na baya ba, mai nauyin kai kuma ba za a ja shi zuwa inda zai fid da rai ba. Iyaye ma suna ganin ci gaban da idonsu wata wata. 'Yan hawa ɗaya littafinsu ɗaya ne, in ɗaya yana karantawa da ƙarfi saura suna bi a nasu, malam kuma yana iya tsayar da mai karatu ko'ina ya nuna wani ya ɗora daga nan. Ba wanda ya san lokacin da za a nuna shi, saboda haka ba wanda zai saki layi. Da haka malami ɗaya yakan riƙe yara 60 ko fiye.

Abin da zai fi ba malamin yau mamaki shi ne shirun malam. De La Salle ya lura cewa malami mai yawan magana da tsawa shi ne yake koya wa aji surutu, kuma muryarsa da ƙirjinsa ba sa kai shi ko'ina. Saboda haka ya ba kowane Brada wani ɗan abu mai ƙara da ake riƙewa a hannu, wanda daga baya aka saba yi da katako, suna kiransa alama. In ya ƙyasta sau ɗaya kowa ya ɗago ido, ya nuna wanda zai karanta. In mai karatu ya yi kuskure ya ƙyasta sau biyu, yaron ya koma ya gyara da kansa, in ya kasa a nuna wani ɗan ajin ya taimake shi. Muryar da ake ji a ajin yawanci ta yara ce. In malam ya buɗe baki kuwa, sai kowa ya kasa kunne, don an san ba a banza yake magana ba.

Sa'an nan ya ba yaran aikin yi. Akwai mai buga ƙararrawa, mai tsaron ƙofa, mai riƙe mabuɗi, masu shara, masu jan addu'a, masu raba takardu da tattara su, mai lura da aji kafin malam ya iso. Akwai waɗanda aka ba unguwa unguwa, in ɗan ajinsu bai zo ba su je gidansu su ji dalili, in ba shi da lafiya su gaishe shi. Yara sukan zo da ɗan burodinsu su karya kumallo a aji, a koya musu addu'ar cin abinci da ladabinsa, wani yaro kuma ya zaga da kwando, wanda yake da saura ya saka, a raba wa waɗanda suka zo hannu wofi. Yaron da aka danƙa wa mabuɗin makaranta da wuya ya yi fashi.

Darussan kansu an ɗaure su da abin da yaro zai tarar a waje. Lissafi da kuɗin ƙasar ake yinsa, irin wanda ake kashewa a kasuwa. Masu koyon rubutu sukan kwafi rasit, da takardar bashi, da yarjejeniyar haya, da ta ɗaukar ma'aikaci, daga baya a ce su tsara nasu. Littafin ladabi da De La Salle ya wallafa a 1703, wanda ya koyar da yadda ake zama, da ci, da gaisuwa, da magana a matsayin ɗan Allah, an buga shi da haruffa masu kama da rubutun hannu da gangan, domin yaro ya koyi tarbiyya yana kuma sabawa da karanta wasiƙa. Uban da yake kafinta ko maƙeri in ya ga ɗansa ya karanta masa takardar bashi, ba sai an roƙe shi ya bar yaron a makaranta ba.

Katekis namu su lura da wannan. Katekisma rabin sa'a ce kowace rana, ranar Lahadi da ranakun idi ta fi haka tsawo, akan kuma buɗe ta da waƙa. An hana malam ya mai da ita wa'azi. Tambaya zai yi ta yi, ya farfasa babbar tambaya zuwa ƙanana har ya tabbata an gane ma'anar, ba haddar kalmomi kaɗai ba, ya bi yara da yawa da tambaya ɗaya, kada ya manta da masu rauni, ya kuma tanadi labari mai jan hankali. Cikin wuni kuwa, lokaci lokaci akan buga ƙararrawa, aiki ya tsaya ɗan kaɗan, wani yaro ya tuna wa kowa cewa a gaban Allah suke.

Jagorar ba ta ɗora laifin fashi a kan yara da iyaye kaɗai ba. Ta faɗa a fili cewa waɗansu yara suna ƙin makaranta ne saboda malamin bai iya aikinsa ba, ko fuskarsa kullum a murtuke, ko ba shi da magani sai duka. Ta lissafta hanyoyin da malami yakan zama abin da yara ba za su iya jurewa ba. Kada dai mu yi wa tarihi kwaskwarima: akwai bulala a makarantun nan, kamar kowace makaranta ta zamanin. Amma an kewaye ta da sharuɗɗa masu yawa, kada a yi horo cikin fushi, kada ya wuce laifin, a kuma bambanta mai taurin kai da mai tsoro da sabon zuwa. A ƙarshen shekara kowane malami yakan rubuta halin kowane yaro, kyawawa da munana da yadda ake bi da shi, ya miƙa wa malamin da zai karɓe shi. Haka kuma ba De La Salle ne ya fara tunanin kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba. Waliyi Bitrus Fourier da Charles Démia da waɗansu sun riga shi gwada wasu. Nasa shi ne ya haɗa su suka zama tsari guda, ya kuma horar da mutanen da za su riƙe shi. Tun wajajen 1685 ya fara horar da malaman ƙauye a Reims, abin da ake lissaftawa cikin kwalejojin horon malamai na farko. A Faris ya buɗe makarantar Lahadi domin samari ma'aikata, ana koya musu zane da lissafi tare da addini, ya kuma karɓi yara kimanin 50 'yan Ailan waɗanda iyayensu suka bi Sarki James na 2 gudun hijira.

Nasarar ce ta jawo masa ƙiyayya. Tun da ya shiga Faris a 1688, iyaye suka riƙa kwashe yaransu daga makarantun kuɗi suna kai wa 'Yan'uwa, shi kuwa ya ƙi tantance wane ne matalauci wane ne mai hali a bakin ƙofa. Malaman kuɗi da ƙungiyar marubuta suka yi ta kai shi ƙara, a 1704 aka ci shi tara, aka kwashe bencina da kayan aji. A cikin gida ma ba sauƙi. Brada Henri L'Heureux, wanda yake shiryawa ya zama firist ya gāje shi, ya rasu farat ɗaya, De La Salle ya ɗauki wannan a matsayin ishara, ya yanke cewa ba za a sami firist a ƙungiyar ba, aji ne bagadensu. Ranar 21 ga Nuwamba, 1691, lokacin da aikin yake gab da rushewa, shi da Gabriel Drolin da Nicolas Vuyart suka yi wa'adi a gaban Allah cewa ba za su bari ba, ko da su uku ne suka rage, ko da bara za su yi su rayu da burodi kaɗai. Drolin ya cika nasa, ya yi shekara 26 a Roma, yawancinsu shi kaɗai. Vuyart kuwa daga baya ya fita. A 1702 Kardinal na Faris ya tuɓe De La Salle daga shugabanci saboda ƙarar da aka kai, amma 'Yan'uwa suka ƙi karɓar wanda aka kawo musu.

Mafi ɗaci ya zo a 1712. Wani saurayi ɗan manyan mutane ya matsa masa a buɗe makarantar horon malamai a Saint-Denis, ya yi alkawarin kuɗi, sa'an nan uban ya kai ƙara cewa an yaudari yaron da bai kai shekarun yin yarjejeniya ba. Kotu ta ba De La Salle rashin gaskiya. Ya ga kamar 'Yan'uwansa na Faris ma sun juya masa baya, sai ya tafi kudancin Faransa, ya yi fiye da shekara biyu can. A Grenoble, da wani Brada ya yi tafiya, dattijon nan mai digirin dakta ya shiga aji da kansa ya koya wa ƙananan yara baƙaƙe. Ya so ya ƙare kwanakinsa a keɓe a kan tudun Parménie, amma wata baiwar Allah mai suna Louise da take zaune can ta nuna masa cewa ba nan Allah ya ajiye shi ba. Sai ga wasiƙa daga manyan 'Yan'uwa mai kwanan wata 1 ga Afrilu, 1714, suna umartarsa, bisa ga wa'adin biyayya da ya yi wa ƙungiyar, ya komo ya kama aikinsa. Mutanen da ya taɓa gani ba su kai baransa ba, yau su ne suke ba shi umarni da sunan Allah. Ya komo a watan Agusta.

Shekarunsa na ƙarshe a Saint-Yon ya yi su, kusa da Rouen, inda tun 1705 suke da gidan horon sababbin 'Yan'uwa, da makarantar kwana, da sashen gyaran kangararrun yara. A 1717 ya sa aka zaɓi Brada Barthélemy shugaba, shi kuma ya koma ƙarƙashinsa, yana neman izini a kan ƙananan abubuwa kamar sabon shiga, yana jin ikirarin yaran gidan. Ya rasu da asubar Jumma'a Mai Tsarki, 7 ga Afrilu, 1719, saura 'yan makonni ya cika shekara 68. A lokacin 'Yan'uwa kimanin 100 ne, suna koyarwa a garuruwa fiye da 20.

Paparoma Benedict na 13 ya amince da ƙungiyar a 1725. Paparoma Leo na 13 ya sa shi cikin masu albarka a 1888, ya kuma ɗaga shi zuwa matsayin waliyi ranar 24 ga Mayu, 1900. 'Yan'uwansa sun iso Nijeriya a shekarun 1950, suka fara da makaranta a Ondo, daga baya suka kai Naka a Jihar Binuwai. Ƙasusuwansa kuwa tun 1937 suna babban gidan ƙungiyar a Roma.